Ga Mai Shirin Buɗe Karatun Yamma a Damargu

Ɗana, ka gama Jami'ar André Salifou a Damagaram, ka dawo Tanut da takardarka, aiki kuma shiru. Yanzu an raɗa maka cewa koyar da yara bayan an tashi daga lakwal sana'a ce da ba ta mutuwa ko a shekarar matsi, wai don uba ya gwammace ya rage cefane da ɗansa ya faɗi BEPC. Akwai gaskiya a ciki, amma zauna ka ji sauran.

Masu wannan magana kan kawo misalin Kumon. Wani malamin lissafi ne a Japan, Toru Kumon, ya fara rubuta wa ɗansa darasi a 1954, ya buɗe cibiya a Osaka a 1958, yau sunan ya kai ƙasashe sama da 50. Tsarinsu shi ne ka biya kuɗin shiga, a ara maka suna da takardun darasi, kai kuma kowane wata ka miƙa wa uwar kamfani kasonta. Hakan na tafiya ne inda iyaye ke jiran albashi ƙarshen wata.

A Damargu kuwa gero ne albashin talaka, kuma sau ɗaya ake biya a shekara. Kuɗi na shigowa da kaka, daidai lokacin komawa lakwal a Oktoba. Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa, maza sun tafi cirani Agadas, Libiya ko Kano. Tambayi dattawan Belbeji yunwar da suka gani a 1984 da 2005. Kai ma ka ga yadda farashi ya tashi da CEDEAO ta rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Magidanci a Gangara ko Olelewa da tiya biyu ta rage masa, darasin yamma zai fara ajiyewa, kuma ba ka da bakin zarginsa. Kamfanin waje kuwa ba ya ɗaga ƙafa don damina ta ƙi.

Saboda haka kada ka ci bashi don sayen suna. Fara da zaure, tabarma, allo da fitila mai aiki da hasken rana. Yanka kuɗin da kaka, ka karɓi gero daga wanda ba shi da tsaba, ka yi haƙuri da shi in bazara ta kama. Je ka gaida malamin makarantar allo, ku daidaita lokaci, kada yaro ya rasa Alƙur'ani saboda lissafinka. Sallami 'yan mata kafin magariba. Ɗauki yaran da za ka iya duba rubutun kowanensu, ko da kuɗin bai kai yadda kake so ba. Ka bar gurbin maraya ɗaya ko biyu kyauta.

In kuma Allah ya sa aka ɗauke ka malamin kwantiragi, ka ji tsoronsa. Kada ka ɓoye darasi da safe don ka sayar da shi da yamma. Wannan cin amana ne, kuma ɗan da ubansa ba ya iya biya shi ne zai faɗi a jarrabawa saboda kai.

Ba za ka yi arziki da wannan ba, ɗana, amma za ka ci halal. Ranar da sakamako ya fito a ƙarshen shekara, iyaye da kansu za su yi maka talla a kasuwa. Allah ya yi maka albarka.