Itacen da Ya Ragu, na Wane Ne?

'Yan'uwa, a ƙasar Isa da Sabon Birni gidaje suna ƙaruwa, tukwane suna ƙaruwa, amma Dajin Gundumi ba ya ƙaruwa. Tun farin da aka yi a 1973 da 1984 itace yana ta nisa, har mata suna ƙona kara da kashin shanu, abin da gona ke jira.

Murhun duwatsu uku yana barin zafi ya bi iska. Murhun laka kuwa yana tsare wuta ƙarƙashin tukunya, itace kaɗan ya dafa tuwo. Wannan alheri ne. Amma a 1865 wani mutumin Ingila, Jevons, ya lura da wani abu: sa'ad da injuna suka rage cin kwal, sai mutane suka ƙara injuna, kwal ɗin da ake ƙonawa ya daɗu.

Haka zuciyar mutum take. In murhu ya rage mana dami ɗaya, muka hura wuta ta biyu ba dalili, daji bai huta ba ke nan. Itacen da ya ragu amanar Allah ce a hannunmu domin 'ya'yanmu. Maginiya ta iya gyara murhu, amma kamewa sai Ubangiji ya koya wa zuciya. Mu roƙe shi.