Kafin Ka Ƙaura, Ka Tambayi Ubangiji

Karatunmu na yau: Farawa 13:5-13



Duk wanda ya san Garwa ya san zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da barci yakan gagara a ɗaki. Ya kuma san damina, yadda ruwa yake kwanciya a unguwannin da suke kusa da Kogin Binuwai. Ba mu manta da ambaliyar shekarar 2012 ba, sa'ad da kogi ya cika, aka saki ruwan madatsar Lagdo, iyalai da yawa suka rasa matsuguni tun daga nan Arewacin Kamaru har zuwa Yola da gaba. Saboda haka idan mutum ya bi ta Filato ko Marware, ya ga manyan gidaje da inuwar itatuwa, da katanga da mai gadi a bakin ƙofa, zuciyarsa ta ce, “Da ma ni ne,” ba abin mamaki ba ne. Son gida mai kyau ba zunubi ba ne. Allah bai ce 'ya'yansa su ƙi ruwan famfo da kwanciyar hankali ba.

Amma ɗan'uwana, bari mu duba Lutu. Da ƙasar ta yi musu kaɗan, Ibrahim ya ba shi zaɓi. Lutu ya hangi kwarin Urdun, ya ga ruwa ko'ina, ga ciyawa, ga birane kusa. Idan lissafin dabbobi ne, zaɓinsa daidai ne. Sai dai ba mu karanta inda ya tambayi Ubangiji ba, ba mu kuma ga ya gina bagade kamar yadda Ibrahim ya yi ba. Ka lura da tafiyarsa. A sura 13 yana cikin alfarwa kusa da Saduma. A sura 14 ya riga ya zama mazaunin birnin. A sura 19 yana zaune a ƙofar gari. Kafin surar ta ƙare yana cikin kogo, ba mata, ba dukiya. Ido ne ya zaɓa masa, kuma ido ba ya ganin gobe.

Mene ne laifin Saduma? Annabi Ezekiyel, a sura 16 aya 49, ya ambaci girmankai, da ƙoshi, da zaman jin daɗi, tare da ƙin taimakon matalauci. Hatsarin unguwar masu hali ke nan. Katangar da take hana ɓarawo shiga takan hana maƙwabci ma. A tsohuwar unguwa, idan matarka ta haihu ko aka yi maka rasuwa, kafin ka buɗe baki tsakar gida ta cika. A bayan doguwar katanga kuwa, mutum yakan shekara bai san sunan wanda yake jikin gidansa ba. Ɗan'uwa ya taso daga ƙauye, mai gadi ya ce Oga ba ya nan. Ka tuna, a Luka 16 Li'azaru yana kwance a ƙofar mai arziki, ba a wata ƙasa mai nisa ba.

Don haka kafin ka sayi fili ko ka biya haya, ka yi wa kanka tambayoyi uku a gaban Allah.

Na ɗaya, da wane kuɗi? Yesu ya koya mana a Luka 14 cewa mai son gini ya fara zama ya yi lissafi. Ko kana aiki a Sodecoton, ko kana koyarwa, ko kana kasuwanci, ka san abin da yake shigo maka. Idan sai ka ci bashi a kan bashi, ka cinye adashin mutane, ko ka taɓa kuɗin da aka ba ka amana, to, wannan gida ba albarka ba ne. Kowa ya daka ta Badau zai kwana da yunwa.

Na biyu, yaya zumunci zai kasance? Idan nisa zai sa iyalinka su daina zuwa sujada, a bar addu'ar safiya, yara su daina makarantar Lahadi, ka auna da kyau. Me ya amfane ka idan yaranka sun sami ɗaki kowa da nasa, amma sun rasa sanin Ubangiji?

Na uku, wa zai iya shiga? Gidan mai bi wurin karɓar baƙi ne. Idan Allah ya riga ya zaunar da kai a irin wannan unguwa, ka gode masa, kada ka ji kunya. Amma ka buɗe ƙofa. Ka biya mai gadi da 'yar aiki hakkinsu a kan lokaci. Ka bar falonka ya zama wurin nazarin Littafi Mai Tsarki.

A ƙarshe, ka tuna ba mu da dawwamammen birni a nan, kamar yadda Ibraniyawa 13:14 ta koya mana. Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na fari, ɗan Garwa ne, amma a Dakar ya rasu a shekarar 1989, can kuma aka binne shi. Babba da yaro, ba wanda ya san inda zai kwanta. Wurin da Yesu ya tafi ya shirya mana ne kaɗai ba a tashin mutum daga cikinsa. Ka karɓe shi ya zama Mai Cetonka?

Mu yi addu'a: Ya Ubanmu na sama, ka tsare idanunmu daga kwaɗayi. Ka zaɓa mana inda za mu zauna, ka kuma sa gidajenmu, manya da ƙanana, su zama wurin ɗaukaka sunanka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.