Hakkin Karen Maƙwabci

A unguwannin Kaduna irin su Malali, Unguwar Rimi da Kawo, gidaje da yawa suna ajiye kare domin gadi. Wani lokaci akan ga karen ɗaure da gajeriyar sarƙa, ranar bazara tana dukansa, babu inuwa, babu ruwa. Haƙarƙari a fili, kaska ta cika jiki, ƙudaje sun yi masa miki a kunne. To, maƙwabcin da ya ga haka, akwai wani nauyi a wuyansa, ko kuwa ba ruwansa?

Jama'a da dama sukan kau da kai, su ce ai kare najasa ne. Wannan ba hujja ba ce. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan suke bi, kare mai rai jikinsa mai tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a cikinta sau 7 kuwa bin umarni ne na ibada. Ko da ma najasa ne, najasa ba ta halatta zalunci. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin lura shi ne, karen ba nasa ba ne. Sun kuma ruwaito matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Ashe ke nan wanda ya ɗaure dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta, wanda kuma ya ga tana wahala an buɗe masa ƙofar lada.

Sai dai gyara yana da ladabi. Kada a yi leƙen asiri ko tsallake katanga, kada kuma a yanke hukunci da gani ɗaya, domin rama tana iya zama ciwo ne da ake yi wa magani. In abin ya tabbata, sai a sami mai gidan a keɓe, a yi masa nasiha da lafazi mai taushi. In ya ƙi ji, a kai magana ga liman ko mai unguwa, a kuma nemi likitan dabbobi. Yaran da ke jifan karnuka a layi, hana su aikin kowane babba ne.

Wajibi ne kuma a kiyaye kai. Karen da ke dalalar da miyau yana kai cizo ba dalili, kada a kusance shi, domin ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti. Karen da aka yi wa allurar riga-kafi kariya ne ga unguwa baki ɗaya.

Allah Ya sa a dace, amin.