A Gonar Wa Titin Zai Bi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Samaru da hantsi, yana neman ya ƙetare daga gefen kasuwa zuwa gefen Jami'ar Ahmadu Bello, ya san abin da muke so mu yi magana a kansa. Titi ɗaya ne, amma an ɗora masa aiki biyu. Shi ne hanyar unguwa, wadda yara suke ƙetarawa zuwa makaranta, mata kuma suke bi da kayan cefane. Shi ne kuma babbar hanyar da ta tashi daga Zariya ta bi Shika da Giwa zuwa Funtuwa, Gusau da Sakkwato, wadda tireloli da tankokin mai suke bi dare da rana. Direban da ya ɗauko kaya daga Legas ba shi da wata harka a Samaru. Hanya ce kawai ta biyo da shi ta tsakiyarmu. Saboda haka duk sa'ad da aka ɗauki wani zuwa asibiti daga bakin titin nan, magana ɗaya takan dawo bakin mutane: me ya hana a yi wa manyan motoci hanyar kewaye, wato baifas, su bi ta bayan gari su bar mu da ranmu?

Roƙo ne na gaskiya, muna kuwa tare da masu yinsa, gama ran mutum ya fi kwalta daraja. Amma abin da muke kira bayan gari ba fili ba ne wanda Allah ya ajiye fayau yana jiran injin ɗin gyaran hanya. Gonakin mutane ne, na masara da dawa da rake, da fadamun da ake noman rani, da burtalin shanu, da makabartu. Kowane layi da aka ja a kan taswira domin a cece mu, a kan gadon wani ya bi. Tambayar da ke gabanmu ke nan: ko daidai ne a ɗauki abin mutane kaɗan domin a sauƙaƙa wa mutane da yawa? In kuwa daidai ne, wane bashi ne ya hau kan masu yawan?

Bari mu fara da batun kuɗi, tun da yake a nan ne gardama takan fi zafi. Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, mutane kuwa sukan ɗora wa shugabanta da kansiloli laifin kowane abu da ya faru a kan titi, domin su ne hukumar da ido yake gani. Sai dai hanyar Sakkwato ta Gwamnatin Tarayya ce. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da titunan cikin gari, magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota, bai ba su manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi ba. Aljihunsu ma ba zai ɗauka ba. A watan Disamba na 2017 aka ba kamfanin Julius Berger aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano, mai tsawon wajen kilomita 375, a kan kimanin naira biliyan 155. A 2021, bayan an mai da aikin sabon gini ɗungum, kuɗin ya koma naira biliyan 797, wato fiye da biliyan biyu a kan kowace kilomita. Gaskiya ne cewa a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Amma ko da kowane kwabo ya iso hannunsu, hukumar da ta ce za ta gina irin wannan hanya da kanta, sai ta rufe ɗakunan shan magani ta bar rijiyoyin burtsatse su mutu. Wanda ya yi mana irin wannan alkawari a lokacin neman ƙuri'a, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuwa yana zaton mu ba mu iya ba.

To, tun da ba ita za ta biya ba, sai mu ce ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa? A ganinmu tana da aikin da ya fi biyan kuɗi nauyi, za mu kuwa zo kansa. Kafin nan, ya kamata mu dubi abin da ya sami maƙwabtanmu na Kaduna, gama an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kaduna tana da hanyoyin kewaye biyu. Ta yamma, wadda ake kira titin Nnamdi Azikiwe, an yi ta ne domin manyan motoci su kauce wa tsakiyar gari. Da aka gama, gari ya bi ta. Shaguna, gidajen mai, garejoji da gidajen kwana suka tsiro dama da hagu, har abin da yake bayan gari jiya ya zama tsakiyar unguwanni, haɗarin da aka kora daga wani wuri ya sami sabon masauki. Mu ma a Zariya mun ga irin wannan a Kwangila, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta haye kan hanyar Sakkwato. An yi gadar sama domin motoci su wuce ba tsayawa, ƙarƙashinta kuwa ya zama tasha da kasuwa. Ta gabas kuma, wadda za ta ɗauke motoci daga hanyar Abuja ta fito da su kan hanyar Zariya, an ba da kwangilarta a 2002, tsawonta bai kai kilomita 50 ba, amma aka cika shekara ashirin ba a gama ta ba. Yaron da aka haifa a shekarar da aka kafa turakun awo ya isa aure kafin hanyar ta haɗu. Mu yi tunanin manomin da aka ce wa ya janye daga gonarsa domin alherin jama'a, ya janye, sa'an nan ya shekara yana kallon jan ƙasa da ciyawa a inda dā yake girbe hatsi. An karɓi hadayarsa, ba a kuwa kawo alherin da aka karɓe ta dominsa ba. A cikin dukan abin da zai iya faruwa, wannan ne ya fi muni.

Yanzu mu koma kan ainihin tambayar. Eklesiya ba ta taɓa koyar da cewa mallakar mutum ta fi ƙarfin bukatar jama'a ba. Allah ya ba da ƙasa domin dukan 'yan Adam, Paparoma Bulus na Shida kuwa ya bayyana a wasiƙarsa ta 1967 a kan ci gaban al'ummai cewa akwai lokacin da alherin kowa yakan wajabta a karɓi ƙasa daga hannun mai ita. Saboda haka ba mu ce kowace gona haramun ce ga titi ba. In ba a karɓi ƙasar kowa ba, da jirgin ƙasa bai iso Zariya ba, da Sabon Gari ɗin da muke zaune a ciki ma bai kafu ba.

Amma akwai wani irin lissafi da ya kamata ya ba mu tsoro, wato a ce mu dubu ne, su goma ne, magana ta ƙare. Mun san wanda ya yi irin wannan lissafi a cikin Linjila: Kayafa ne, babban firist, sa'ad da ya ga ya fi sauƙi mutum ɗaya ya hallaka a madadin al'umma. Yawan masu amfana yana iya nuna cewa aiki ya cancanci a yi shi, amma ba ya share haƙƙin wanda aikin ya taka. In mu dubu ne za mu amfana, to, mu dubun ne ya kamata mu biya, ta hanyar baitulmalin da harajinmu ya cika. Idan aka bar mutum goma suka ɗauki nauyin duka, an sa su biya mana lafiyarmu da gadonsu, mu kuwa mun ci kyauta.

Labarin Nabot a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, yakan zo mana a rai a nan, ko da yake dole a yi hankali da shi. Sarki Ahab ya so gonar inabin ne domin ya mai da ita lambun kansa, hanyar da za ta ceci rayuka kuwa ba lambun sarki ba ce. Duk da haka akwai abin lura: kafin mugunta ta shiga, Ahab ya fara da tayin wata gonar da ta fi, ko kuwa kuɗinta. Abin kunya ne a ce talakan zamaninmu yakan rasa ko irin tayin da mugun sarki ya yi.

Dokarmu ta san da diyya. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya ce ba za a karɓi dukiyar mutum tilas ba sai da biyan diyya ba tare da jinkiri ba, da kuma damar zuwa kotu. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, diyyar da take bayarwa kuwa ta abin da ke kan ƙasa ce, gini, bishiyoyi da amfanin gona, ba ta ƙasar kanta ba. Ma'ana, ana iya ƙirga wa mutum buhunan masarar shekara ɗaya a biya shi, alhali abin da ya rasa shi ne abincin dukan shekarun da suka rage masa da na 'ya'yansa. Abin da doka ta halatta da abin da adalci yake nema ba kullum suke tsayawa wuri ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda sunansu ba ya shiga takardar diyya sam: mai noma gonar aro, gwauruwar da gonar ke da sunan dangin mijinta, makiyayin da aka datse wa burtali. Haka nan waɗanda tsohon titi yake ciyarwa, mai shayi, mai faci, mai tuwo, yarinya mai tallar gyaɗa. Wanda ya ga yadda Mararrabar Jos take rayuwa da tsayuwar direbobi ya san cewa in motoci suka canza hanya, tukwane da yawa za su huce. Ba mu ce a bar tireloli su ci gaba da ratsa mu domin a sayar da shayi ba. Muna cewa ne a san da mutanen nan tun kafin a fara, a keɓe musu wuri a sabuwar tasha.

A nan ne aikin ƙaramar hukuma yake. Injiniyan da ke Abuja yana ganin layi a kan takarda. Kansila, dagaci da mai unguwa su ne suka san cewa layin ya bi ta kan rijiyar da ƙauye uku ke sha, ko cewa in an karkata shi kaɗan za a tsirar da makabarta. Tun 1931 Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya koyar cewa bai kamata babbar hukuma ta ƙwace abin da ƙarama za ta iya yi ba, sanin mutane da sunayensu kuwa abu ne da ƙarama kaɗai ta iya. Ita ce za ta iya tsayawa ta ce a kafe taswira a sakatariya kowa ya gani, a karanta jerin masu karɓar diyya a bainar jama'a, a biya kafin injin ya shiga gona, kada kuma a taɓa ƙasar kowa sai an nuna inda kuɗin gama aikin zai fito. Ita ce kuma za ta iya ƙin yanka filaye a bakin sabon titi, in ba haka ba a cikin shekara goma mu sake neman kewayen kewaye. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin da zarar an ji inda hanya za ta bi, masu kunne a ofis sukan riga kowa sayen gonakin wurin da araha, su jira farashi ya tashi. Mai riƙe da amanar jama'a da ya yi haka ya yi sata, ko da takardunsa sun cika.

A cikin masu cika majami'unmu ranar Lahadi akwai ma'aikatan awon ƙasa, akawuna, injiniyoyi da malaman jami'a, akwai kuma manoma daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, da maƙwabtansu Musulmi waɗanda gonakinsu ke haɗe da nasu iyaka da iyaka. Wasunmu ne za su riƙe igiyar awo, wasunmu kuma a gonarsu za a ja ta. Kafin ranar ta zo, akwai abin da ba ya bukatar biliyoyi: fitilun titi masu aiki, wuraren ƙetarawa a gaban makarantu, hana ajiye tireloli a kafaɗar hanya, da janye tebura daga bakin kwalta a ranakun cunkoso. Waɗannan suna cikin abin da kansilanmu zai iya kai wa zaure a wannan watan, mun kuwa san gidansa.