Rayuwa Marar Iyaka a Cikin Love, Death & Robots

Love, Death & Robots jerin gajerun finafinai ne na zane mai motsi da Netflix ta fara haskawa a watan Maris na 2019, ƙarƙashin jagorancin Tim Miller da David Fincher. Kashin farko ya ƙunshi labarai 18, na biyu ya fito a 2021 da labarai 8. Kowane labari cin gashin kansa yake yi, da irin zanensa da duniyarsa, kuma yawancinsu almarar kimiyya ce. Biyu daga ciki sun ɗauko wata tsohuwar tambaya: idan aka cire wa halitta iyaka, rayuwarta za ta ƙara daraja ne ko kuwa za ta rasa ɗanɗano?

Na farko shi ne "Zima Blue", wanda Robert Valley ya ba da umarni daga gajeren labarin Alastair Reynolds. Zima mai zane ne da ya shahara, ya yi ta sauya sassan jikinsa har ya iya jure zafi da sanyin sararin samaniya. Zane-zanensa suka yi ta girma, amma a tsakiyar kowanne akwai wani ɗan shuɗi da yake faɗaɗa har ya cinye hoton. A ƙarshe ya shaida wa wata 'yar jarida asalinsa: ɗan ƙaramin inji ne da wata budurwa ta ƙera don goge tayil a tafkin wanka, kuma shuɗin nan launin tayil ɗin ne. A gaban taron jama'a ya faɗa tafkin, sassansa suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, har ya rage ɗan injin nan kawai yana bin bango yana gogewa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Na biyu shi ne "Pop Squad", daga labarin Paolo Bacigalupi, wanda Jennifer Yuh Nelson ta ba da umarni. A can mutane sun samu maganin tsufa, sai aka haramta haihuwa saboda cunkoso. Ɗan sanda Briggs aikinsa kashe yaran da aka haifa a ɓoye. Masu hali suna can saman gajimare cikin kiɗa da walima, iyaye mata kuwa suna maƙale a rusassun gidaje. Wata uwa da ta zaɓi 'yarta a kan dawwama ta sa zuciyarsa ta karaya, ya ƙyale su, ya kuma rasa ransa a kan haka.

Masanin falsafa ɗan Ingila, Bernard Williams, ya kawo hujja mai kama da wannan a 1973. A ganinsa, mutumin da ba zai mutu ba wata rana burace-buracensa za su ƙare, ya rage ba abin da yake motsa shi. Addini ma ya san kwaɗayin dawwama. A Suratu Ɗaha, da bishiyar dawwama da mulkin da ba ya tsufa Iblis ya ruɗi Annabi Adamu. Sai dai Musulunci bai ɗauki dawwama kanta a matsayin illa ba, don ya yi alkawarinta a lahira. Abin da ya ƙi shi ne neman ta a duniya, gidan da aka gina don jarrabawa da wucewa.

A nan labaran biyu suka rabu. Zima ya samu natsuwa ne ta hanyar zubar da hankalinsa, kuma wannan ba ita ce ƙana'a ba. Mai ƙana'a yana sane da abin da ya bari, yana kuma ɗauke da nauyin da yake kansa. Inji yana iya komawa asalinsa ya huta, amma ɗan Adam an ɗora masa amanar hankali, ba shi da ikon ajiye ta. Uwar nan ta "Pop Squad" ta fi kusa da amsar da ta dace da mutum: ta karɓi ajali da idonta a buɗe, ta sanya gajeren lokacinta a hidimar wani rai da zai rayu bayanta.