Ganuwa da Tafin Hannu

Malaman balaga sun karantar da mu cewa tashbihi ba ya tsayuwa sai da wajen kama tsakanin abubuwa biyu, amma ba su cika faɗakar da mu ba cewa wanda aka kamanta shi yake biyan diyyar kamancen idan mai magana ya yi kuskure. Wannan mas'ala ta daɗe tana yi mini yawo a rai game da littattafan da Turawa suka wallafa kan gidajen da Allah ya ba su yaro mai lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda Leo Kanner ya siffanta a Amurka a 1943.

A 1967 Bruno Bettelheim ya fitar da littafin da ya kamanta irin wannan yaro da ganuwar da babu kowa a cikinta, ya kuma ɗora alhakin a kan sanyin zuciyar iyaye mata, zargin da bincike ya rushe daga baya, bayan ya riga ya ƙona zukatan da ba su ji ba ba su gani ba. Lalle ne misalin yana da daɗin ji, sai dai muguntarsa a ɓoye take, domin wanda ya ce gida kango ne ya halatta wa kansa daina yin sallama a ƙofarsa. Ga shi kuwa Ubangiji ya karrama ɗan Adam ba tare da sharaɗin fasahar harshe ba. Mu ma ba mu kuɓuta ba, tun da akwai masu ce wa yaron da ya saɓa wa tsararsa ɗan ruwa, wai aljanu ne suka yi musanya.

Mark Haddon, a ƙagaggen labarinsa na 2003, ya bi wata hanya, ya miƙa alƙalamin ga yaron da kansa, Christopher, ɗan shekara 15 a garin Swindon na Ingila, wanda ya tarar an soke karen maƙwabciyarsu da ƙarfen tonon lambu, ya ɗaura aniyar gano mai laifin. Alamomin littafin duk daga hankalin yaron suka fito: babukan suna tafiya da lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, 2, 3, 5, 7, jajayen motoci huɗu a jere bushara ce ta yini mai kyau, rawaya huɗu kuwa baƙin yini ne. Mai karatu zai yi murmushi, har sai ya tuna nasa camfe-camfen.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne hannu. Yaron ba ya jure runguma, saboda haka uban yakan ɗaga tafinsa, ya ware yatsu, yaron ya ware nasa, su haɗa kan yatsu kaɗai. Uban nan ba waliyyi ba ne: shi ya kashe karen, shi ya ce wa ɗansa uwarsa ta rasu alhali tana London da ranta, ya ɓoye wasiƙunta. Bayan asiri ya tonu ya sake ɗaga hannun, yaron ya ƙi karɓa, kuma marubucin bai tilasta masa ba, ya bar uban da neman amana sannu a hankali, yana roƙon mintuna kaɗan na zama tare a kowace rana.