Aikin Ya Fi Ƙarfin Mutum Ɗaya

Karatu: Fitowa 18:13-26, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Afisawa 4:11-12

Littafin Fitowa ya nuna Musa zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, mutane kuwa suna tsaye kewaye da shi. Ba mai iya kiransa rago. Duk da haka surukinsa Yetro bai yaba masa ba. Ya faɗa masa a fili cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta gajiyar da jama'ar kuma. Shawararsa ita ce Musa ya koyar da mutane dokokin Allah, sa'an nan ya zaɓi amintattu, masu tsoron Allah, masu ƙin cin hanci, ya naɗa su bisa dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma.

Maganar nan ta shafi ikkilisiyoyin Sheda ƙwarai. Garin yana kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Kwali. Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta ƙaura daga Legas a 1991, baƙi ba su daina zuwa ba. A benci ɗaya ran Lahadi akan ga manomin doya ɗan ƙabilar Gbagyi, da malamar makaranta, da ma'aikacin cibiyar binciken kimiyya da ke garin. Dukansu fasto ɗaya suke kallo. Shi ne mai wa'azi da Hausa da Turanci, shi ne mai gaida marasa lafiya, mai sulhunta ma'aurata, mai binne matattu, wani lokaci har da lissafin buhunan siminti. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta iso, sai a gane cewa ba wanda ya taɓa jagorantar ko da addu'ar tsakiyar mako.

Manzo Bulus ya nuna wa Afisawa cewa an ba da makiyaya da masu koyarwa domin su shirya tsarkaka su yi aikin hidima. Ke nan hidimar ta dukan masu bi ce. Rabon fasto shi ne shirya su.

Iyayen ikkilisiya a Arewa sun gane wannan. A farkon shekarun 1960 aka soma aikin Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na mishan ɗin SIM, malami a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Tushensa shi ne kowane mai bi shaida ne. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka koyar da manoma da matan aure yadda za su bayyana bishara, aka aike su ƙauyuka. A 1963 kuma, can a ƙasar Gwatamala, wata makarantar tauhidi ta lura cewa ainihin shugabannin ikkilisiyoyin karkara magidanta ne da ba za su iya barin gona da iyali su zauna a makaranta ba. Sai ta kai musu makarantar: mutum ya yi nazari a gida, ya riƙa haɗuwa da malami a kai a kai, yana kuma aikata abin da ya koya. Wannan tsari, da aka sani da TEE, ya iso Nijeriya, ikkilisiyoyi da dama sun yi amfani da shi cikin Hausa.

Sai dai horo ba taron kwana biyu ba ne da ake rufewa da takardar shaida da shinkafa. Wanda aka koya wa wa'azi, dole a ba shi bagade, a saurare shi, a gyara masa a keɓe. A nan ne wuyar take. Akwai faston da ke tsoron kada dattijo ya fi shi farin jini. Akwai kuma membobin da ke ganin tun da sun ba da zakka da baiko, sun sayi hutu. In dattijo ya zo gaishe su a asibiti, sai su ce ikkilisiya ba ta zo ba.

Zaɓen ma yana bukatar hankali. Sau da yawa ido yakan tafi ga mai mota da mai Turanci, alhali abin da Bulus ya lissafa wa Timoti ya fi karkata ga hali: kamewa, karɓar baƙi, iya riƙon gida, rashin son kuɗi. A Urushalima, gunaguni ya tashi domin ana manta da gwauraye mata na masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni suka bar wa jama'a zaɓen, aka fito da mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenanci. Wato an danƙa aikin ga ɓangaren da ya yi kuka. Daga cikinsu Istifanas da Filibus suka zama manyan masu shelar bishara.

Majalisar dattawa a Sheda ta auna kanta da wannan. Ma'aikacin gwamnati yana da ilimi da baiwa, a yi amfani da su tun yana nan, gama shi ma ana iya ɗauke shi gobe. Manomin da kakanninsa ke kwance a ƙasar ba ya zuwa ko'ina, shi ne kuma zai iya yi wa tsohuwa ta'aziyya da harshen Gbagyi. Shugabar Zumuntar Mata takan san gidan da aka kwana da yunwa tun kafin labari ya kai ga fasto. In za a buɗe ajin horo, a fara rubuta sunayen irin waɗannan, a sa shi da yamma bayan an dawo daga gona, a kuma rage yawan haɗuwa a lokacin tonon doya.